Rigar Bahago a Saman Bene

Akwai maganar da ke yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana, tun bayan rasuwar mahaifinku, kuma na gaji da jin ta ta bayan gida. Wasu na cewa girman kai ne ya hana Malam ganin rigar ubansa. Wasu na cewa Ɗanjuma mai nama ne ya ɓata tafiyar, har Babangida, babbanku, yakan wuce shi a ƙofar masallaci ba gaisuwa duk sa'ad da ya zo daga Duwala. Ni ina wurin ranar, a tsaye, da jakar magani a hammata. A cikinku babu wanda ya je sai Rabi, ita kuwa kuka ya hana ta ganin rabin abin da ya faru. Don haka ku ji daga bakina tun ina da sauran baki.

Kun tashi kun tarar da mahaifinku a rumfarsa ta bakin hanya a nan unguwarmu ta Brik, cikin Yawunde, tsakanin hayaƙin masu tsire da ƙarar kekunan teloli, babbar riga shimfiɗe a gwiwarsa, allura a hannu. Duk layin ya koma aikin inji, shi ya ƙi. Ya ce aikin inji ba shi da uba, ka duba daga nan har Nkomkana ba za ka gane na wane ne ba. Wannan taurin kai gado ne. Kakanku, wanda tsofaffin unguwa ke kira Bahago, shi ya koya masa ɗinkin hannu. Ni ban taɓa ganin surukina ba. Ya ɗauki riguna ya nufi Ngawundare zai kai wa masu su, ciwo ya kama shi a hanya, ya rasu a wani ƙauye, mutanen wurin suka yi masa sutura. Labari bai iso Yawunde ba sai da aka daɗe. Malam yana saurayi a lokacin, ya bi sawu har ƙauyen, amma ba a sami wanda zai nuna masa kabarin ba. Hoto babu, domin mutanen wancan zamani ba su damu da hoto ba. Akwatin da ke da ragowar aikinsa kuma gobara ta cinye tun kafin a haifi Rabi. Malam bai cika zancen ubansa ba, amma duk tsohuwar rigar da ya gani a jikin wani ranar Juma'a, sai ya bi ta da ido har mai ita ya tsargu.

Shekarar da nake ba ku labari, ciwon shanyewar jiki ya same shi da safe yana shan shayi. Na ji kofi ya faɗi, na leƙo da niyyar faɗa, na tarar da bakinsa ya karkace. Daga lopital, wato asibiti, muka dawo da rabin mutum: hannun dama da ƙafar dama sun shanye, magana ta dawo amma da nauyi. Babangida ya aiko da keken guragu, sabo fil, mai baƙar kujera. Malam ya kwana biyu bai kalle shi ba. Da ya yarda ya hau, sai muka gane keken ba don unguwarmu aka yi shi ba. Kun san lungunmu, kun san kwatar da ke bakin ƙofa da 'yan katakon da aka gitta a kanta, kun san yadda jar ƙasa ke zama in an yi ruwa. Masallacin da muke jin tarin liman daga tsakar gida ya zama kamar wani gari. Duniyar Malam ta tsaya daga ɗaki zuwa zaure. A zauren abokansa ke samunsa da yamma, musamman Sale tela da Ɗanjuma, wanda in ya taso daga mayanka a Etudi ba ya zuwa gidansa sai ya biyo ta namu.

Rabi tana koyarwa a lokacin. Wata rana ta dawo da yamma, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a gefen keken tana latsa waya.

"Baba, yau na kai 'yan ajina mize, gidan da ake ajiye kayan tarihi. Na ga wata riga irin taku, na ce sai na ɗauko maka. Ga ta, ka gani."

"Miƙo mini tabarau."

Ya daɗe yana kallo. Ina jajjagen miya a bakin ƙofa, sai ya kira ni.

"Uwar gida, zo."

"Hannuna da barkono."

"Zo haka nan. Wannan zanen Baba ne."

Saƙi ce, shuɗiya mai ɗigo-ɗigo, an yi mata aiki da zaren tsamiya. Ya nuna mini askokin da ke ƙirjin rigar, wato dogayen zanen nan masu tsini, ya ce duba yadda bakinsu ya ɗan lanƙwasa, ubansa ne ke zana su haka. Na ce to alhamdulillahi, ga shi ka gani. Ya girgiza kai. Ya ce zane ba shaida ba ne, domin yaran shagon ubansa duk sun kwaikwayi zanen, wasu sun tafi da shi Garwa, wasu Tibati. Abin da ba a kwaikwaya shi ne kwanciyar zare. Mai ɗinki da dama zarensa na kwantawa gefe guda, bahago kuwa nasa na kwantawa ɗaya gefen, kuma a duk shagon babu bahago sai ubansa. Hoton bai nuna wannan ba, domin rigar na cikin gilashi, ɗakin kuma da duhu-duhu. Rabi ta ce a takardar da aka manna a ƙasa an rubuta cewa ba a san wanda ya ɗinka ta ba.

"Zan je in gani da idona," in ji Malam.

"Da wace ƙafar?" na ce, domin kun san bakina.

"Da wadda Babangida ya aiko."

"Inna, ba matsala," Rabi ta ce. "A sama rigar take, amma akwai asansa, akwatin nan da ke hawa da mutane bene. Na ga ƙofarsa da idona."

Tun da ciwon ya kwantar da shi ban ga Malam ya so wani abu ba sai ranar. Ya ci tuwonsa tas. Ya sa aka kira wanzami. Ranar tafiya ya ce in ciro masa farar rigarsa ta Juma'a, na fesa masa turare, na kuma rufe masa ƙafafu da farin mayafi saboda ba ya son a ga yadda ta daman ta rame. Ku riƙe wannan, domin ni na shirya shi da hannuna, fari sama fari ƙasa, ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Ɗanjuma da Sale suka zo da wasu biyu daga majalisarsu. Suka ɗauko tsohon ƙyauren ɗaki suka shimfiɗa a kan kwata, aka tura keken ya haye. Matan maƙwabta suna leƙe suna yi masa sannu. A bakin titi ya dafa Ɗanjuma ya tsaya da ƙafarsa mai lafiya ya shiga taksi, aka naɗe keken aka ɗaure a but ɗin motar da igiya. Duk hanya fuskarsa na taga, yana tambayar yaushe aka rushe wancan, yaushe aka gina wannan.

Gidan tarihin babban gini ne mai sanyi. 'Yan matakalan ƙofar shiga ba su ba mu wuya ba, an karkata keken baya an ja shi. A ƙasa aka jera kayan mutanen da suka shuɗe tun kafin kakannin kakanni: tukwanen da aka haƙo daga ƙasa, gatarin dutse, 'yan mutum-mutumin yumɓu masu manyan idanu. Malam ya kalle su ya yi dariyarsa ta gefen baki.

"Waɗannan sun fi ni tsufa, shi ya sa aka ba su ɗakin ƙasa."

Muka nufi ƙofar asansar, Rabi ta danna, ta sake dannawa. Wata yarinya ma'aikaciyar wurin ta taho da sauri, ta yi wa Rabi magana da Faransanci, na ga fuskar Rabi ta sauya.

"Me ta ce?" in ji Malam.

"Wai ya lalace, Baba. Tun da ta fara aiki a nan ba ta taɓa ganin ya motsa ba."

Yarinyar ta rusuna a gaban keken ta ce, "Ashiya, papa," kalmar da kuka san ana faɗa a nan in an tausaya wa mutum. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi ƙoƙari. Rabi ta roƙa ko za a sauko da rigar, ta je ta tambayi na gaba da ita, ta dawo ta ce tufar ta tsufa, ba a taɓa ta ba a ɗaga ta sai da izinin wasu da ba sa nan. Muka juya muka kalli matakalar. Doguwa ce, ta miƙe sannan ta yi kwana, da ƙarfen dafawa a gefe.

"Wannan ne zai hana mu?" Ɗanjuma ya ce yana naɗe hannun riga. "Ni da nake saɓa cinyar bijimi? Malam, ka yarda mu hau da kai?"

Malam ya kalli sama, ya kalle ni, ya ce, "Bismillah."

Sai in gaya muku su wane ne mutanen nan huɗu, ko da yake kun sani. Su ne masu ɗaukar gawa a unguwarmu. Ba aikinsu ba ne, ba wanda ya naɗa su, amma duk gidan da aka yi rasuwa a Brik, in an fito da makara, Ɗanjuma ne a gaba ta dama, Sale a hagu, sauran a baya. Shekara da shekaru suna yi don Allah, har jikinsu ya san aikin ba sai sun yi tunani ba. Da farko a hannu suka ɗauki keken, ƙasa-ƙasa, kowa ya kama kusurwa guda. Sun ɗan hau sai taya ta soma karo da ƙarfen dafawa, na baya kuma nauyi ya koma kansu. Ɗanjuma ya ce a kai kafaɗa. Suka ɗaga a tare, Malam ya koma sama, ya kwanta baya, fari fat, fuskarsa na kallon rufi. A daidai wannan ɗagawar bakin Ɗanjuma ya faɗi abin da ya saba faɗa duk sa'ad da nauyin mutum ya sauka a kafaɗarsa.

"La ilaha illallah."

Sauran ukun suka amsa da murya ɗaya, ƙafafunsu suka ɗauki takun nan mai sauri-sauri. Wani mai gadin wurin, ɗan arewa, da ya ji kalma sai ya taho da gudu ya zura kafaɗarsa ya karɓi Sale, yadda ake yi a hanyar maƙabarta don kowa ya sami ladansa. Mu mata ba ma rakiyar gawa, amma mun san wannan sautin fiye da maza, domin daga cikin gida muke jin sa yana fita zaure yana nisa. Na ji shi ranar da aka fita da mahaifiyata, na ji shi ranar da aka fita da ƙaninku Aminu yana ɗan yaye. Na tsaya a gindin matakalar, ban bi su ba. Rabi ta rushe da kuka. Sai muryar Malam ta fito, da ƙarfin da ban ji ya yi magana da shi ba tun kwanciyarsa.

"Ku sauke ni! Ku sauke ni, ban mutu ba!"

Suka tsaya cak a tsakiyar matakala. Babu wurin ajiye keke a nan, dole suka sauko da shi da baya, a hankali, ba mai ko tari. Da tayoyin suka taɓa ƙasa, Malam ya damƙe hannun keken, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ɗanjuma ya cire hularsa ya riƙe, ƙaton mutum, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Malam, wallahi ban san na faɗa ba. Bari in goye ka, ni kaɗai, ba mai cewa uffan."

"Ba wanda zai sake raba ni da ƙasa," in ji Malam, "sai ranar."

Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya ce ni in hau in gano masa. Na hau da Rabi, ina jan gwiwoyina. Rigar na can ƙarshen ɗaki, an baza hannayenta a cikin gilashi. Ta fi hoton kyau nesa ba kusa ba. Na kalli shuɗinta, na kalli askokin, na kalli da'irar da ke ƙirji, wadda suke kira tambari, na cika idona na sauko. Rabi ta sake ɗaukar hoto, amma an hana kunna hasken waya, wai haske na cin tufafi, zaren duk ya haɗe ya zama abu ɗaya.

"Ina zaren ya kwanta?" Malam ya tambaye ni tun ban gama saukowa ba.

"Ta yi kyau ƙwarai, Malam."

"Ba kyau na tambaye ki ba. A cikin tambarin, ƙananan ɗinkin, sun jingina dama ko hagu?"

Shekarata nawa ina wanke rigunan mutumin nan, ina ninke su, ina share guntayen zarensa, ban taɓa sanin zare na da gefen da yake jingina ba. Na so in ce hagu don ransa ya yi sanyi, amma da zai ƙara tambaya ɗaya ya kama ni, kuma ban saba yi masa haka ba. Na ce ban sani ba. Ya ce mu tafi gida.

Yanzu ga gyaran da nake so in yi muku. Washegari Ɗanjuma ya zo zaure, ya durƙusa a gaban keken yana hawaye. Ina bayan labule, na ji da kunnena abin da mahaifinku ya gaya masa.

"Tashi, Ɗanjuma. Bakinka alheri ya saba da shi, shi ya sa ya riga ka. In ranar ta zo, kai nake so a gaba ta dama."

Babangida, wanda ubanka bai riƙe ba, ban ga dalilin da kai za ka riƙe shi ba. In ka zo, ka je har gida ka gaida mutumin nan. Batun girman kai kuwa, na san daga inda ya samo asali. Kun yi ta kira a waya kuna cewa za ku zo ku hau da shi da kanku, ko a ɗauki hayar matasa waɗanda ba su san kalma ba, shi kuma yana cewa a'a ba tare da ba ku dalili ba. Ni ya ba ni. Wata rana da hantsi ina shafa masa man zafi a ƙafa, ya yi magana ba tare da ya kalle ni ba.

"Kin san abin da na gani a can sama? Rufin ɗaki na tafiya. Kalma na tashi a ƙarƙashina, ƙanshin turare a jikina. Na juya ido in gan ki, ban gan ki ba. Sai na ce ashe an gama, tunda mata ba sa bin mu."

"Ina bayanku, Malam, a gindin matakalar."

"Ban gan ki ba. In aka sake ɗaga ni, zuciyata ba za ta kai sama ba."

Tsoro ne, 'ya'yana. Mahaifinku ya ji tsoro irin wanda ban taɓa gani a tare da shi ba, kuma kunya ta hana shi gaya wa 'ya'yansa. Ni ma na ɓoye muku don ya roƙe ni, amma gara ku san ya ji tsoro da ku ci gaba da jingina masa halin da ba nasa ba.

Da damina ta kankama, na ɗauka zancen riga ya mutu. Sai wata safiya ya ce in ɗauko masa ƙyalle da allura da zare. Na ce me zai yi da su da hannu ɗaya. Ya ce ba shi zai yi ba, idona zai buɗe, tunda ni matakala ba ta fi ƙarfina ba. Haka na zama ɗaliba da furfurata. Kullum in na sauke tukunyar rana sai in shimfiɗa tabarma a gefen keken. Ni nake ja masa ƙyallen da hannu biyu ya miƙe, shi kuma ya soka allura da hagu, hannun da bai taɓa ɗinki da shi ba. Sai ya miƙo mini in yi nawa da dama a kusa da nasa, ya ce in kalli bambancin. Malam a matsayin miji mai haƙuri ne, amma a matsayin malamin ɗinki Allah ya kyauta. Ya ce ɗinkina kamar sawun kaza a cikin taɓo. Na ce hannun da ya shekara arba'in yana tuƙa masa tuwo ne, in bai yi masa ba ya nemi wani. Matan gidan suna wucewa suna cewa Hajiya ta buɗe shago, yaushe za mu kawo namu. Na soki yatsuna har na daina ji, shi ma ya soki nasa, jini ya ɓata mana ƙyalle fiye da ɗaya.

A hankali hannunsa ya fara bin sa. Wata rana ya yi layi guda mai ɗan tsawo, ya ɗaga ƙyallen wajen haske.

"Dubi," ya ce. "Haka nasa yake kwantawa. Sai da Allah ya karɓi daman nan sannan na yi ɗinki irin na Baba."

Ranar bai ƙara soka allura ba, ni ma ban matsa masa ba. Bayan nan ya shiga gwada ni. Sai ya sa Sale ya kawo tsofaffin riguna daga wurin mutane, ya haɗa da ƙyallayenmu, ya ce in ware na dama da na hagu daga nesa, a inuwar zaure, ba tare da na taɓa ba, tunda can ma ba za a bar ni in taɓa ba. Da na daina kuskure, ya ce to na isa aike.

Na tafi ni kaɗai, da safe, ana yayyafi. Yarinyar nan ta gane ni, ta tambayi papa, ta riƙe mini jaka har sama. Na tsaya a gaban gilashin na goge tabarauna, na matsa har numfashina ya dushe shi. Wannan karon ban kalli kyau ba. Na sa ido a cikin tambarin, na bi ƙananan ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, na koma bakin aljihu, na koma askokin. Duk inda na duba zaren ya jingina irin na ƙyallen Malam, sai dai wannan hannun gwani ne, ba gargada ko ɗaya. Na zaga ta gefe na sake dubawa don kada son zuciya ya ruɗe ni. Hannun bahago ne. Na ji kamar na shiga ɗakin surukina ba sallama, har na gyara mayafina.

Na tarar da Malam a zaure ya juya keken yana fuskantar ƙofa. Ko takalmi ban cire ba na ce masa, "Nasa ne."

"Kin duba tambarin?"

"Na duba."

"Bakin aljihu fa?"

"Har da shi. Duk hagu, Malam. Na rantse maka."

Na zaci zai yi hamdala da ƙarfi, ko ya sa a kira su Sale. Ya dai rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye, inda ba ya jin su balle ya share. Na share masa da bakin mayafina.

"Na yarda da ke," ya ce. "Amma ke kika gani."

Na cire takalmina. Na zauna a ƙasa kusa da tayar keken, ruwa na zuba daga indararo.

"Kin daɗe a gabanta?"

"Na daɗe."

"Kin gaya masa na zo?"

"Malam, riga ce fa."

"Na sani," ya ce. "Na san riga ce. Ina dai so ya san ban ƙi zuwa ba. Wancan karon na je ban sami kabari ba, wannan karon na zo har gindin bene."

Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma sake neman allura ba. Kafin ruwa ya ɗauke ciwon ya dawo masa karo na biyu, sauran kuma kun sani, kuna nan.

Abin da ba ku sani ba shi ne inda na je ranar da na fita takaba, da na ce muku zan gaida wata ƙawata a Elig-Edzoa. Gidan tarihin na koma. Ƙofar asansar na nan a rufe yadda muka bar ta. Gwiwoyina sun ƙara lalacewa a zaman takaba, sai da na huta a kwanar matakalar, daidai inda suka tsaya da shi. Na san riga ba ta ji, ba sai wani a cikinku ya aiko mini da wa'azi a waya ba. Amma aike ne, kuma tun da nake da mahaifinku bai taɓa aike na na dawo ban isar da saƙonsa ba sai wannan. Na tsaya a gaban gilashin, na yi musu addu'a su biyun, uba da ɗa. Wasu baƙi na gefe suna kallon wata tsohuwa tana magana ita kaɗai, ban damu da su ba. Na rusuna yadda suruka ke yi, na ce:

"Baba, ɗanka ya zo. Ya yi aski, ya sa farar rigarsa, ya zo har gindin bene. Hawan ne ya gagare shi."